Marigayi Yinka Dare, Dogon da Aka Haifa a Kano

Samarinmu na nan Madaki masu buga ƙwallon kwando, in ka tambaye su ɗan Nijeriyar da ya yi suna a Amurka, sai su ce maka Hakeem Olajuwon. Kaɗan ne suka san akwai wani da aka yanke wa cibiya a Kano, wato Yinka Dare.

An haife shi ran 10 ga Oktoba, 1972. Sunan na Yarabawa ne, amma Kano ce mahaifarsa, kamar dai yadda 'ya'yanmu suka tashi a Gombe alhali iyayensu daga wasu garuruwa suka zo. Allah Ya hore masa tsawo har ƙafa bakwai. A 1991 wani lauya ɗan Nijeriya mazaunin Amurka ya gan shi a Ikko, ya yi masa hanya ya ƙetare. Ya shiga Jami'ar George Washington a hannun koci Mike Jarvis, inda a 1993 ya taimaka ƙungiyarsu ta kai cikin 16 na ƙarshe a gasar jami'o'in ƙasar.

To, daga nan ne gaggawa ta shigo. Shekara biyu kacal ya yi ya ajiye karatu ya shiga wasan kuɗi, hannunsa bai gama nuna ba. A 1994 ƙungiyar New Jersey Nets ta ɗauke shi na 14 a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA. A kakarsa ta fari, minti uku ya buga gwiwa ta kwantar da shi. Cikin kaka huɗu ya buga wasa 110, amma sau huɗu tak ya miƙa ƙwallon da abokinsa ya jefa a kwando, har 'yan kallo suka mai da shi abin zolaya. A 1998 aka tura shi Orlando, su kuma suka sallame shi. Bai yi zuciya ba, ya ci gaba da bugawa a ƙananan gasanni har 2003.

Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a gidansa da ke Englewood ran 9 ga Janairu, 2004, yana da shekara 31.

Mu 'yan kasuwa mun sani, mangwaron da aka tsinka ɗanye ba ya daraja a tire. Iyaye, duk yaron da Allah Ya ba baiwar wasa, a ƙarfafa masa gwiwa, amma kada a bari ya saki karatu, a kuma riƙa kai shi likita ya duba lafiyarsa.