Tarihin Tasalimi Balogun, Sarkin Tamaula Wanda Ya Koma Almajiri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ga labarin wani Bayarabe mutumin Ikko, Tasalimi Balogun, wanda ya yi suna wajen wasan tamaula tun zamanin mulkin Turawa. Mutane sun yi masa laƙabi da Tanda, watau aradu da bakin Turawa, saboda in ya sa ƙafa ya doki ƙwallo, mai tsaron gida ba ya ganinta sai ta shige.

A Ikko aka haife shi, ya yi makaranta a Fatakwal, sa'an nan ya komo garinsu ya shiga wasa. A wancan zamani kowace babbar ma'aikata tana da 'yan wasanta, don haka ya yi wa Marin wasa, ya yi wa kamfanin U.A.C., ya yi wa Reluwe. Har Arewa ma ta ga ƙafarsa, gama ya zauna Jos ya yi musu wasa. Babbar gasar ƙasar nan a lokacin ita ce ta Kofin Gwamna, wadda aka fara cikin 1945. Sau 7 yana kaiwa wasan ƙarshe na wannan gasa, ya ci 5. Cikin 1952 kuwa, da ƙungiyarsa ta Pan Bank ta ci Warri, shi kaɗai ya jefa 3.

Abin da ya fara kai sunansa ƙetare shi ne tafiyar 1949. A shekarar nan aka zaɓi samari 18 daga Nijeriya, aka sa su jirgin ruwa zuwa Ingila, Balogun yana cikinsu. Abin da ya ba Turawa mamaki, yawancinsu ba su sa takalmi, sai su naɗe ƙafa da ƙyalle su shiga fili. Wasansu na fari da ƙungiyar Marine ne, kusa da Libaful, suka ci 5 da 2. Amma fa sauran tafiyar ta yi musu wuya: cikin wasa 9 sun ci 2, sun yi kunnen doki 2, an cinye su 5, gama ƙafa tsirara ba ta kama jiƙaƙƙen fili. A kan hanyarsu ta komowa suka yada zango Saliyo, suka cinye mutanen can 2 da babu, ran 8 ga Oktoba. Wannan ne karo na fari da Nijeriya ta kara da wata ƙasa a hukumance.

Cikin 1955 ya sake komawa Ingila, ya shiga ƙungiyar Peterborough. Daga baya ya koma Queens Park Rangers ta birnin Landan, inda ya yi wasan gasa 13 tsakanin 1956 da 1957, ya jefa ƙwallo 3. Wanda ya duba lissafin nan zai ce ribar ba ta taka kara ta karya ba, ga mutumin da a gida ake tashi tsaye in ya shigo fili. To, amma ribar tafiyar tana wani wuri dabam. Ya lura Turawa sun mai da wasan nan ilmi, yana da ƙa'idodi da malamai da jarrabawa. Sai ya ajiye girmansa ya zauna gaban malaman, ya karanta, har suka ba shi takardar shaida ta koyarwa, kamar yadda almajiri ke karɓar ijaza a hannun shehinsa. Ana lissafa shi Baƙar fatar Afirka na fari da ya sami irin wannan takarda.

Da ya komo gida sai ya zauna Badun yana koya wa samarin Yamma. Cikin 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, yana cikin malaman da suka raka 'yan wasan Nijeriya babban taron wasannin duniya na Olamfik a ƙasar Meziko. Japan ta cinye su 3 da 1, Sifen ta cinye su 3 da babu. Ran karawa da Barazil kuwa, kafin a tafi hutu yaran sun jefa 3, Barazil ba ko ɗaya, daga baya ta farfaɗo aka tashi 3 da 3.

Ajali ya sauko masa ran 30 ga Yuli, 1972, bai tsufa ba. Gwamnatin Ikko ta gina filin wasa a unguwar Surulere ta sa masa sunansa, aka buɗe shi cikin 2007.

Malamai da fatake sun san wannan magana tun ba yau ba. Ƙarfin ƙafa kyauta ce ta Allah, ba a gadonta, ba a kuwa sayar da ita, ran da mai ita ya kwanta dama ta bi shi kabari. Abin da aka koya da tsari shi ne ake iya miƙa wa na baya. Attajirin da bai nuna wa yaransa hanyar fatauci ba, rumfarsa tana rufewa ran da ya rufe ido. Balogun ya gane haka tun ƙafarsa tana da ƙarfi, shi ya sa bai ji kunyar zama ɗalibi ba bayan ya zama gwani. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa mu cika da kyau, amin.