Ida B. Wells: 'Yar jaridar da ta sayi bindiga bayan an kashe abokinta

Idan kana bibiyar cacar bakin Amurkawa kan bindiga a X ko TikTok, akwai sunan da masu adawa da dokokin taƙaita mallakar makami ba sa gajiya da ambata: Ida B. Wells. To wace ce ita?

An haife ta cikin bauta ranar 16 ga Yulin 1862 a garin Holly Springs na jihar Misisifi. Tana 'yar shekara 16 cutar shawara ta kashe iyayenta biyu, sai ta kama koyarwa don ta riƙe ƙannenta. Daga baya ta koma birnin Memphis.

A 1884 aka fitar da ita da ƙarfi daga taragon jirgin ƙasa, alhali ta biya kuɗin tikitinta, don kawai baƙar fata ce. Ta kai ƙara, kotu ta ba ta diyyar dala 500, amma a 1887 kotun ƙolin Tennessee ta soke hukuncin. Nan ta fara gane cewa doka ba kowa take karewa ba.

Abin da ya sauya rayuwarta ya faru a Maris 1892. Abokinta Thomas Moss da wasu mutum biyu suna gudanar da shagon kayan masarufi da ke gogayya da na wani farar fata. Rikici ya ɓarke, aka tsare su, sannan gungun mutane suka fito da su daga kurkuku suka kashe. A tsakiyar rikicin, hukuma ta ƙwace makaman baƙar fata na birnin.

Ida ta sayi ƙaramar bindiga. A littafinta Southern Horrors ta kawo misalin Jacksonville da Paducah, inda baƙar fata masu makami suka hana kisan gilla, ta kuma shawarci kowane gida ya ajiye bindiga tunda hukuma ta ƙi ba su kariya. Saboda rubuce-rubucenta aka farfasa ofishin jaridarta, Free Speech, dole ta bar Memphis. Ta ƙarasa rayuwarta a Chicago, tana tattara alƙaluman kashe-kashe, ta kuma shiga sahun waɗanda suka kafa NAACP a 1909. Ta rasu ranar 25 ga Maris 1931.

Yau masu ra'ayin 'yancin ɗaiɗaiku suna kafa hujja da ita: in an hana makami, mai rauni ne ke fara kwana ciki. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa ai ta yi maganar ne lokacin da hukuma ke haɗa baki da makasa, kuma da alƙalami ta yi suna, ba da kunamar bindiga ba. Sai a 2022 Amurka ta yi dokar tarayya kan irin wannan kisa, shekara 91 bayan rasuwarta.

Kai fa, da kai ne a Memphis a 1892, me za ka yi?