Ibnun Nafis: Malamin Fiƙihu Da Ya Gano Hanyar Jini Tsakanin Zuciya Da Huhu

  

Ya ƴan'uwa masu karatu, a ƴan shekarun nan muna ganin ƴaƴanmu na Damargu, daga Tanut da Gangara da Belbeji, suna shiga karatun aikin likita a jami'o'in Yamai da Damagaram da Maraɗi. Idan suka zo hutu da jarrabawa a gabansu, ba su da hira sai bita: sunayen ƙasusuwa, aikin hanta da ƙoda, hanyoyin jini. Mun taɓa leƙa takardun ɗaya daga cikinsu, sai muka ga zanen zuciya, an ja kibiya daga ɗakinta na dama zuwa huhu, wata kuma daga huhu zuwa ɗakinta na hagu. Ya haddace zanen sarai, amma bai san wanda ya fara rubuta wannan bayani ba. To, shi ne wanda muka zaɓa a wannan fitowa, kuma ya kai ga bayanin ne ta hanyar abin da ɗalibin nan yake yi, wato maimaita tushen ilimi da bin sa daki-daki.

Sunansa Ala'uddini Abul Hasan Aliyu ɗan Abul Hazmi Alƙarashi, amma an fi saninsa da Ibnun Nafis. An haife shi a ƙasar Sham wajen shekara ta 607 bayan hijira (1210). Ya yi karatun addini da harshen Larabci da manɗiƙi, ya bi mazhabar Imamu Shafi'i, sa'an nan ya shiga ilimin ɗibbu a birnin Dimashƙa. A lokacin akwai babban asibiti a birnin wanda Sarki Nuruddini Zanki ya gina a 1154, inda ake jinyar marasa lafiya ana kuma karantar da ɗalibai. Babban malaminsa shi ne Muhazzabuddini Addakhwar, shugaban likitocin Sham da Masar, wanda ya rasu a 628 (1230) bayan ya yi waƙafin gidansa ya zama makarantar koyon ɗibbu. Tsarin karatun ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna a zaure: ɗalibi ya biya matani, malami ya gyara lafazi ya yi sharhi, da safe kuma a zaga marasa lafiya tare.

Kada a ɗauka jarrabawar likitoci sabon abu ce. A shekara ta 319 (931) wani mutum ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa taɓa maras lafiya sai wanda Sinan ɗan Sabit ya jarraba, aka ce waɗanda aka jarraba sun haura 860. Littafin hisba na Shaizari, wanda aka rubuta a Sham kafin haihuwar Ibnun Nafis, ya tsara cewa a jarraba likitan ido a kan maƙaloli goma na Hunainu ɗan Ishaƙa game da ido, maɗori kuwa sai ya san adadin ƙasusuwan ɗan Adam da siffar kowanne. A lissafinsu 248 ne. Ɗalibanmu na yau 206 ake koya musu ga baligi, domin hanyar ƙirgar ta bambanta.

Wajen 1236 Ibnun Nafis ya koma Alƙahira, can ya ƙare rayuwarsa. Ya yi aiki a asibiti, ya karantar da fiƙihu a makarantar Masruriyya, daga baya ya zama shugaban likitocin Masar. Subki ya sa shi cikin littafinsa na ɗabaƙoƙin malaman Shafi'iyya. Abin da ya kamata mu mutanen wannan yanki mu lura da shi: a cikin waɗannan shekaru ne, bayan 640 ta hijira, alhazan Kanem suka ba Alƙali Ibnu Rashiƙ dukiya ya gina makarantar Malikiyya a tsohon birnin Masar, kamar yadda Maƙrizi ya ambata. Ke nan ɗaliban ƙasar Tafkin Cadi suna birni ɗaya da shi lokacin da yake kan ganiyar aikinsa.

Littafin da kowane likita ke dogara da shi a zamanin shi ne Alƙanun na Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428 (1037). Littafi ne babba mai kashi biyar, kuma bayanin ƙirar gaɓoɓin jiki, wato ilimin tashrihi, a warwatse yake cikinsa: na ƙashi da tsoka da jijiyoyi yana kashi na farko, na zuciya da huhu da hanta yana kashi na uku. Ɗalibi mai bita sai ya yi ta kai da komo. Ibnun Nafis ya tsamo waɗannan wurare duka, ya haɗa su wuri ɗaya, ya bi su jumla bayan jumla, ya kira aikin Sharhu Tashrihil Ƙanun. Akwai kwafinsa a birnin Los Anjalas na Amurka ɗauke da ijazar da ya rubuta wa wani ɗalibinsa a 640 (1242), lokacin shekarunsa talatin da ƴan kai.

A nan ne ya ci karo da mas'alar da aka daɗe ana wucewa ta kanta. Jalinus, babban likitan Yunanawa da ya rayu fiye da shekara dubu kafinsa, ya koyar da cewa jini yana ratsawa daga ɗakin dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƴan ƙofofi da ido ba ya gani a cikin katangar da ta raba su. Ibnu Sina ya bi shi a kan haka, har ya ce ɗakunan zuciya uku ne. Likitoci suka haddace, suka karantar, aka ba su ijaza a kai. Ibnun Nafis ya ƙi karɓa. Hujjarsa ita ce katangar nan mai kauri ce, ba ta da ƙofa, ta bayyane ko ta ɓoye. Duk wanda ya taɓa tsaga zuciyar rago ranar layya zai fahimci abin da yake nufi, domin naman da ke tsakanin ɗakunan biyu yana cikin mafi ƙarfin naman zuciya. To, idan babu hanya ta nan, ta ina jinin ke bi? Ya ce dole ne ya fita daga ɗakin dama ta babbar jijiya zuwa huhu, ya bazu cikinsa, ya gauraya da iska, sa'an nan ya dawo ta wata jijiya zuwa ɗakin hagu. Ya kuma ce lalle akwai mahaɗa tsakanin jijiyoyin nan biyu a cikin huhu, abin da ba a gani da ido ba sai a 1661, lokacin da Malfigi ɗan Italiya ya ga siraran jijiyoyin da madubin ƙara girma. Ya ce ɗakunan biyu ne, ba uku ba. Ya ƙara da cewa zuciya ba daga jinin da ke cikin ɗakinta take samun abincinta ba, daga jijiyoyin da ke ratsa namanta ne. Waɗannan su ne jijiyoyin da idan suka toshe a yau ake cewa mutum ya samu bugun zuciya. Ɗalibanmu kuma sun san cewa idan aka haifi yaro da huji a katangar nan, cuta ce da ake nema wa magani.

A gabatarwar littafin ya bayyana cewa shari'a da tausayin da ke cikin ɗabi'arsa sun hana shi feɗe gawa, saboda haka ya dogara da magabata wajen siffar gaɓoɓin ciki, amma wajen amfaninsu zai bi abin da bincike ya tabbatar, ko ya dace da maganarsu ko ya saɓa. Masana har yanzu suna muhawara a kan ko ya duba zukatan dabbobi da kansa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ladabinsa: shekaru ya yi yana hidimar littafin Ibnu Sina, kuma a cikin hidimar ce ya gyara shi. Haka muka ga malamanmu na fiƙihu suna yi da matanin da suke sharhi.

Adalci ne kuma mu faɗi iyakarsa. Bai kai ga sanin cewa jini yana zagaya jiki duka ya komo zuciya ba. Wiliyam Habi na Ingila ne ya tabbatar da wannan a 1628. Ya tafi a kan cewa hanta ce ke yin jini, alhali yanzu an san a ɓargo ake yin ƙwayoyinsa. Iskar oksijin ma ba a san ta ba a zamaninsa. A Turai, Mika'ilu Sarbetus ya rubuta hanyar jini ta huhu a 1553, Kolombo kuma a 1559, shekara ɗari uku bayansa, kuma masu tarihi sun yi saɓani a kan ko maganarsa ta kai gare su, tun da Andiriya Alfago, wanda ya zauna shekaru a Dimashƙa, ya fassara wani yanki na sharhinsa da aka buga a Banis a 1547, amma yankin magunguna ne.

Wanda ya fito da wannan bayani ga duniyar zamani ɗalibin likita ne. Muhyiddini Attaɗawi, ɗan Masar, yana karatu a Jamus, ya samu kwafin sharhin a ɗakin karatu na Balin, ya rubuta kundin kammala karatunsa a kai a jami'ar Firaibug a 1924. Daga nan Maks Mayahof, likitan ido Bajamushe da ke zaune a Alƙahira, ya duba nassin Larabcin, ya tabbatar da shi, ya buga shi da fassara a shekarun 1930.

Amma a ƙasashen Musulmi ba wannan littafi ne ya yaɗa sunansa ba. Mujazul Ƙanun ne, wato taƙaitaccen Ƙanun, ɗan ƙaramin littafi da ɗalibi zai iya riƙewa a hannu ya maimaita. An kasa shi huɗu: ƙa'idodin ɗibbu na gaba ɗaya, sai magunguna da abinci, sai cututtukan gaɓoɓi daga kai zuwa ƙafa, sai cututtukan da ba su keɓanta da gaɓa ɗaya ba, kamar zazzaɓi da kumburi da dafi. Wanda ya fara da Ahalari da Ishmawi kafin ya kai Risala da Muhtasar ya san darajar irin wannan talifi, ya kuma san haɗarinsa, domin matani idan ya taƙaita sosai sai ya buƙaci mai warware shi. Haka kuwa aka yi: Kazaruni da Aƙsara'i da Nafis ɗan Iwad Alkirmani duk sun yi masa sharhi, aka buga shi a Kalkata ta Indiya a 1828, kuma makarantun ɗibbun Yunani na can suka daɗe suna karantar da shi. Wasu masu bincike na wannan zamani suna shakkar cewa shi ne ya rubuta shi, ɗaya daga dalilansu kuwa shi ne littafin bai ɗauko ra'ayoyinsa na sharhin ba. Ko ma wane ne marubucin, ɗalibai da yawa sun tsaya ga taƙaitaccen, suka bar dogon sharhin da gyaran yake ciki. Ya kuma yi sharhin Masa'il na Hunainu, littafin tambaya da amsa da aka tsara wa masu fara karatu, da sharhin Fusul na Abuƙrat, da littafi a kan ciwon ido mai suna Almuhazzab.

Babban burinsa shi ne Ash-Shamil, wanda ya tsara zai kai mujalladi 300, ya kammala 80. Masu tarihinsa sun ce idan zai yi rubutu sai a fere masa alƙalumma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi ta zubo bayani daga ka ba tare da duba littafi ba. Alƙalami na dakushewa sai ya jefar ya ɗauki wani. An ruwaito cewa wata rana yana cikin wanka a gidan wanka na birni, sai ya fito ya nemi tawada da takarda, ya rubuta maƙala a kan bugun jijiya har ƙarshenta, sa'an nan ya koma ya ƙarasa wankansa. Bayan ɗibbu ya yi talifi a ilimin hadisi da nahawu da manɗiƙi, da Arrisalatul Kamiliyya a kan sirar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Wajen jinya kuwa, ba ya ba da magani idan abinci zai wadatar, ba ya ba da haɗaɗɗen magani idan guda ɗaya zai isa. Har an ce mai sayar da magungunan da yake zama a shagonsa ya gaji da shi, ya ce masa idan abinci zai riƙa rubuta wa mutane to ya koma rumfar mahauta. Wasu mutanen zamaninsa ma sun ce iliminsa ya fi gwanintarsa ta magani, kuma ba mu ga dalilin ɓoye wannan ba.

An ce bai yi aure ba. Ya gina gida a Alƙahira inda sarakuna da likitoci da ɗalibai suke halartar majalisinsa. Ya ga shekarar da Tatar suka rushe Bagadaza a 1258, ya ga mulkin Baibaras, ya kuma ga ginin babban asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya yi a 1284. A ciwon ajalinsa wasu abokansa likitoci suka ba shi shawarar ya sha ɗan giya, suna ganin za ta yi wa cutar amfani, sai ya ƙi, ya nuna ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu ranar 21 ga Zulƙida shekara ta 687, daidai da watan Disamba na 1288, yana da kimanin shekara 80, Allah ya ji ƙansa. Gidansa da dukiyarsa da littattafansa duka ya yi waƙafinsu ga asibitin Mansuri.