TAƘAITACCEN TARIHIN ROWLAND BINGHAM (1872-1942)

'Yan'uwa cikin Almasihu, a wannan biki na cikar ikkilisiyarmu shekara 50 a nan Illela, ya kamata mu tuna da bawan Allah wanda ya share mana hanya.

An haifi Rowland Bingham a Ingila a shekara ta 1872, ya ƙaura zuwa Kanada yana saurayi. A wancan zamani an yi babbar farkawa a Amurka ta wurin wa'azin D. L. Moody da waɗansu, har matasa da yawa suka ba da kansu domin kai bishara ƙasashe masu nisa. Cikinsu akwai Walter Gowans na Kanada da Thomas Kent, Ba'amurke daga birnin Buffalo. Mahaifiyar Gowans ce ta sa wa Bingham nawayar ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na kudu da Sahara.

Ran 4 ga Disamba 1893 su uku suka sauka Ikko, ba wata ƙungiyar mishan a bayansu. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, sai abokansa suka nufo Arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida shi kaɗai.

Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake mai da shi. Duk da haka bai fid da zuciya ba, ya tara waɗansu ma'aikata, a 1902 aka buɗe tashar farko a Patigi, bakin kogin Kwara. Haka mishan na SIM ya kafu.

Bingham ya ga fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Likita Stirrett na SIM ya sa hannu a ciki, ya kuma ga an fara jinyar kutare a Amanawa ta ƙasar Sakkwato. Ya rasu a Disamba 1942. Bayansa aka buɗe asibitin Galmi a 1950, nan kusa da mu a ƙetaren iyaka, aka kuma kafa ECWA a 1954.

Shekara 9 ya yi yana jira kafin a sami tasha guda. Mu da muka gāji wannan aiki, kada tsanani ko ƙarancinmu ya karya mana gwiwa. Ubangiji ya ba mu irin wannan jimiri, ya ta da masu bishara daga cikin 'ya'yanmu. Amin.