Adolphe Sax

Antoine-Joseph Sax, wanda aka fi sani da Adolphe Sax (an haife shi ranar 6 ga Nuwamba, 1814, ya rasu a watan Fabrairu, 1894), maƙerin kayan busa ne kuma mabushi, ɗan ƙasar Beljiyom. Shi ne ya ƙirƙiro saksofon, abin busar da har yau ake kira da sunansa. Ya kuma ƙirƙiro dangin ƙahonin tagulla da ake kira saks-hon, ya gyara babbar kilarinet mai kaurin murya. Yawancin rayuwarsa ta aiki a birnin Paris ya yi ta, inda ya samu ɗaukaka da lambobin yabo, ya kuma sha fama da shari'o'i da bashi har ya rasu cikin talauci.

Farkon rayuwa

An haifi Sax a garin Dinant da ke gefen kogin Meuse, a yankin masu magana da Faransanci na ƙasar da ake kira Beljiyom a yau. Mahaifinsa Charles-Joseph Sax ne, mahaifiyarsa kuma Marie-Joseph Masson. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Yana jariri iyayensa suka koma birnin Brasels, inda mahaifinsa ya buɗe masana'antar kayan busa. Sana'ar ta karɓe shi, har ya zama maƙerin fadar Sarki William na Ɗaya na ƙasar Holan, wanda Beljiyom take ƙarƙashin mulkinsa a lokacin.

Marubuta tarihinsa sun kawo haɗurra da dama da ya tsallake a ƙuruciya. Ya faɗo daga bene ya bugu a kai, ya haɗiye allura, ya sha ruwa mai guba bisa zaton madara ce, fashewar albarushi ta ƙona shi, ya kuma faɗa kogi har ya kusa nutsewa. Saboda yawan waɗannan haɗurra, mahaifiyarsa ba ta sa ran zai yi tsawon rai ba.

A masana'antar mahaifinsa ya koyi sassaƙa katako, da lanƙwasa tagulla, da huda ramukan sauti. Ya kuma yi karatun busa sarewar Turawa da kilarinet a makarantar koyon kiɗa ta Brasels. Wannan ya sa ya san kayan busa ta fuska biyu, ta maƙeri da ta mabushi, don haka yakan gane aibin abin busa da kunnensa kafin ya gyara shi da hannunsa. A shekarar 1830, yana ɗan shekara 15, ya kai sarewa da kilarinet ta hauren giwa bajekolin masana'antu na Brasels. A 1838 ya samu takardar mallakar fasaha a kan sabuwar babbar kilarinet da ya ƙera, wadda ta fi na da daidaiton sauti da ƙarfin murya.

Komawa Paris

A bajekolin Brasels na 1841, alƙalai sun yaba kayansa amma suka hana shi lambar zinariya, suna ganin ya yi ƙuruciya. A shekarar 1842 ya tattara ya koma Paris, wadda ita ce cibiyar kiɗa ta nahiyar Turai a wannan zamani. Ya isa ba shi da jari mai yawa, sai dai ya samu goyon bayan manyan masu tsara kiɗa, musamman Hector Berlioz, wanda ya rubuta sharhin yabo a kan kayansa a jaridar Journal des débats a watan Yunin 1842. Da taimakon magoya baya ya buɗe masana'anta a titin Saint-Georges.

A nan ya fito da dangin saks-hon, wato ƙahonin tagulla masu fistin waɗanda aka jera daga ƙarami zuwa babba, duk a kan fasali ɗaya da salon taɓawa ɗaya. Amfanin wannan tsari shi ne wanda ya iya busa ɗaya zai iya komawa kan wani ba tare da wahala ba, sautin ƙungiyar mabusa kuma ya haɗu ya zama bai ɗaya. Daga wannan dangi ne wasu ƙahonin da ƙungiyoyin badujala suke amfani da su a yau suka samo asali.

Ƙirƙirar saksofon

Matsalar da Sax ya so ya warware ta shafi kiɗan soja. Kayan busa na katako suna da daɗin murya da saurin sarrafawa, amma a fili ƙarar ƙahonin tagulla takan danne su. Sai ya nemi abin busar da zai haɗa sauƙin na farko da ƙarfin na biyu. Ya ƙera gangar jiki ta tagulla wadda take farawa siririya tana faɗi zuwa ƙasa, ya huda mata manyan ramuka masu marufai da maɓallai, sannan ya sa mata bakin busa mai harshe ɗaya irin na kilarinet.

An fara jin saksofon a bainar jama'a ranar 3 ga Fabrairu, 1844, a wani taron kiɗa da Berlioz ya shirya a Paris, inda Sax da kansa ya busa shi. Ya samu takardar mallakar fasahar saksofon ranar 28 ga Yuni, 1846, ta tsawon shekara 15, daga baya aka ƙara masa shekara biyar. Ya tsara shi a matsayin dangi mai girma daban-daban. Huɗu da aka fi amfani da su a yau, daga mai siririyar murya zuwa mai kauri, su ne sofrano, alto, teno da bariton.

Harshen saksofon da gyaransa

Duk da cewa jikin saksofon na tagulla ne, masana suna sa shi cikin kayan busa na katako, saboda ba leɓen mabushi ne ke haifar da sautin ba kamar a kakaki. Sautin yana fitowa ne daga harshe, wato ɗan siririn tsagi na kara da ake ɗaure shi da maɗauri a ƙasan bakin busa. Idan aka hura iska, harshen yakan yi ta kaɗawa yana buɗe ƙofar iska yana rufewa cikin sauri, iskar da ke cikin gangar jikin ta amsa. Algaita ma da harshe take aiki, sai dai nata biyu ne da ke bugun juna, na saksofon kuwa ɗaya ne da ke bugun bakin busa.

Ana yin harshen da wani irin kara mai kama da gora wanda masana tsirrai suke kira Arundo donax. Wanda ya fi suna shi ne na yankin Var a kudancin Faransa. Ana sare shi da hunturu, a shanya shi ya bushe na dogon lokaci, sannan a tsaga a fere. Bayansa a shafe yake, gabansa kuma an sassaƙe shi daga kauri zuwa siranta har bakinsa ya kusa kai kaurin takarda. Kamfanoni suna sa wa harsuna lamba, yawanci daga 1 zuwa 5, gwargwadon taurinsu.

Da yake kara tsiro ne, da wuya a samu harsuna biyu da suka yi daidai ko da daga kwali ɗaya suka fito. Shi ya sa mabusa suke gyara su da hannu, al'adar da masu saksofon suka gada daga masu kilarinet. Ana amfani da ƙaramar wuƙa, ko samfefa mai laushi, ko makankarar ƙarfe mai kaifin gefe da aka yi don wannan aiki. Da farko akan jiƙa harshen a gwada shi. Idan bayansa ya kumbura saboda danshi, iska takan zurare ta gefe, sai a kankare bayan har ya kwanta sosai a kan bakin busa. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tauri, sautin yakan fito a dushe, sai a rage wa gefen da ya fi tauri kaɗan. Malaman busa suna gargaɗi a guji taɓa tsakiyar harshen mai kauri, wadda suke kira zuciya, domin ita ke riƙe da cikar murya, a kuma yi hattara da bakinsa saboda saurin tsagewa. Harshen da ya yi laushi da yawa kuwa akan datse ɗan kaɗan daga bakinsa don ya ƙara tauri. Ƙa'idar aikin ita ce a kankare kaɗan a gwada, domin abin da aka cire ba ya komawa.

Kiɗan soja da shari'o'i

Babbar kasuwar kayan busa a Faransa ita ce ta rundunar soja. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Janar de Rumigny don ya gyara ƙungiyoyin kiɗan soja, aka shirya gasa a filin Champ de Mars ranar 22 ga Afrilu, 1845, gaban dubban 'yan kallo. Ƙungiyar da Sax ya tsara ta kara da ta Michele Carafa, wadda take bin tsohon tsari. Ta Sax ce ta yi rinjaye, kuma a wannan shekarar aka ba da umarnin shigar da kayansa cikin kiɗan soja.

Wannan nasara ta taɓa abincin sauran maƙeran Paris. Suka haɗa kai suka kai shi kotu, suna neman a soke takardunsa bisa hujjar cewa kayan ba sababbi ba ne. Shi ma ya yi ƙarar masu kwaikwayon aikinsa, ciki har da Pierre-Louis Gautrot. Shari'o'in sun ci kusan shekara ashirin. Ya yi nasara a da yawa daga cikinsu, amma kuɗin lauyoyi da ɓata lokaci sun cinye ribarsa. Siyasa ma ta shiga: bayan juyin juya halin 1848 sabuwar gwamnati ta soke umarnin 1845, sai a 1854, zamanin Napoleon na Uku, aka dawo da kayansa. Sau uku kotu ta bayyana cewa ya karye, a 1852 da 1873 da 1877. A karo na ƙarshe aka yi gwanjon tarin kayan kiɗan da ya daɗe yana tarawa, sama da guda 400.

Duk da haka ya samu karramawa. An ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur a 1849, ya ci babbar lamba a bajekolin duniya na Landan a 1851, da kuma na Paris a 1867.

Koyarwa da ƙarshen rayuwa

Daga 1847 Sax ya shugabanci ƙungiyar mabusa ta kan dandamali a gidan opera na Paris, aikin da ya riƙe shekaru masu yawa. Daga 1857 ya koyar da saksofon ga ɗaliban soja a makarantar koyon kiɗa ta Paris. An rufe ajin a 1870, shekarar da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia, ba a sake buɗe shi ba sai a 1942, lokacin da aka naɗa Marcel Mule malami.

Tsakanin 1853 da 1858 ya yi fama da ciwon daji a leɓe, amma ya warke. Bai yi aure ba, sai dai ya haifi 'ya'ya biyar da Louise-Adèle Maor. Ya rasu a Paris yana da shekara 79, aka binne shi a maƙabartar Montmartre. Ɗansa Adolphe-Édouard ya ci gaba da masana'antar, har kamfanin Selmer ya saye ta a ƙarshen shekarun 1920.

Abin da ya bari

A zamanin Sax, kaɗan ne daga masu tsara kiɗa suka yi amfani da saksofon, kamar Ambroise Thomas a 1868 da Georges Bizet a 1872. Da wa'adin takardarsa ya ƙare a 1866, wasu kamfanoni suka shiga ƙera shi suna ƙara masa maɓallai. Ƙungiyoyin badujala suka yaɗa shi a Amurka, inda ya zama jigo a kiɗan jaz a hannun mabusa irin su Coleman Hawkins, Lester Young, Charlie Parker da John Coltrane. A Afirka, Fela Kuti na Najeriya da Manu Dibango na Kamaru suna cikin waɗanda suka shahara da shi.

Ƙasar Beljiyom ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta faran 200, wadda aka yi amfani da ita har zuwan kuɗin yuro a 2002. A Dinant akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi a titin da aka haife shi, kuma tun 1994 garin yake karɓar gasar busa saksofon ta duniya da aka sa wa sunansa.