WAIWAYE: Umaru Ganda, ɗan dakon Abijan da duniya ta fara sani da sunan tauraron Amurka

Ranar 1 ga Janairu, 1981, Allah ya yi wa Umaru Ganda rasuwa a birnin Yamai, yana da shekara 45 a duniya. A yau babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa take amsawa, haka ma kyautar da ake bai wa sabbin masu shirya fim a bikin FESPACO na Wagadugu. Sai dai ranar da fuskarsa ta fara bayyana a majigi, sunan wani aka kira shi da shi: Edward G. Robinson, jarumin fina-finan 'yan daba na Amurka. Tazarar da ke tsakanin sunayen nan biyu ita ce tarihin rayuwarsa, kuma tana da abin faɗa a muhawarar da har gobe ake yi a ƙasar Hausa kan matasa da fina-finan ƙetare.

Daga aji zuwa fagen fama

An haifi Umaru, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Oumarou Ganda, a Yamai cikin 1935. Bazabarme ne, kuma a garin haihuwarsa ya yi karatun firamare, lokacin da Nijar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Yana ɗan shekara 16 ya shiga soja. Faransa a lokacin tana neman hannu ido rufe, domin yaƙi ya rincaɓe mata a yankin da take kira Indochine, wato Biyetnam da Lawos da Kambodiya na yau, inda dakarun Ho Chi Minh suka tashi neman 'yanci. Can aka tura yaron, ya yi kimanin shekara biyu yana yaƙar mutanen da ke neman abin da ƙasarsa ma ba ta samu ba.

Yaƙin ya ƙare wa Faransa da kunya a Dien Bien Phu cikin watan Mayun 1954. Umaru ya dawo gida da tabon yaƙi a zuciya, bai tarar da aikin yi ba. Sai ya bi hanyar da dubban matasan Nijar ke bi a zamanin, ya gangara kudu ci-rani. Tashar jiragen ruwa ta Abijan, a ƙasar Kodebuwa, sabuwa ce fil a lokacin, an buɗe ta a 1951, tana haɗiye ƙarfin duk wanda ya zo. A nan tsohon sojan Faransa ya zama ɗan dako, yana kinkimar buhuna, ana biyansa kuɗin yini in an ɗauke shi aiki, in ba a ɗauka ba ya koma hannu rabbana.

Unguwar 'yan ci-rani da sunayen aro

Unguwar Treichville, wadda ruwa ya raba ta da unguwar Turawa da manyan ofisoshi, ita ce matattarar baƙi. Da rana wahala, da dare kuwa gidajen rawa da wuraren dambe da gidajen sinima. Kuɗin shiga kallo bai taka kara ya karya ba, saboda haka matashin da bai mallaki katifa ba yana iya zama awa biyu yana kallon motoci da bindigogi da kwat ɗin Amurka. Daga nan samari suka riƙa fitowa da sababbin sunaye. Wani Tarzan, wani Eddie Constantine, mai fitowa a matsayin jami'in tsaron Amurka a fina-finan Faransa, wata budurwa kuma Dorothy Lamour. Umaru, kamar yadda ya bayyana da bakinsa a fim daga baya, abokai ne suka laƙaba masa Edward G. Robinson saboda kamar da suka gani. Shi kuma ya ƙara wa laƙabin armashi da sunan gwaninsa a dambe, Sugar Ray Robinson, domin burinsa shi ne wata rana ya zama zakaran duniya.

Akwai wani abin lura game da mai sunan na asali. Shi ma Edward G. Robinson sunan aro ne. An haife shi a Bukares ta ƙasar Romaniya a 1893 da suna Emanuel Goldenberg, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana yaro, ya sauya suna, ya yi fice a 1931 da fim ɗin Little Caesar, labarin ƙaramin ɗan daba da ya yi sama ya faɗo. Ɗan ci-rani ne ya ari sunan ɗan ci-rani. Abin da samarin Treichville ke gani a irin waɗannan jarumai shi ne mutumin da ba a haife shi da komai ba amma ya tilasta wa gari ya san da zamansa, a daidai lokacin da su ba wanda ke tambayar sunansu a bakin tasha.

Haɗuwa da Jean Rouch

A Abijan ne Umaru ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniya a 1941, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. Rouch na bincike kan 'yan ci-ranin Nijar a ƙasashen gaɓar teku, ya ɗauki Umaru cikin masu tattara masa bayanai. A 1957 suka fara ɗaukar fim ɗin da ya fito a 1958 da suna Moi, un noir, ma'ana Ni, baƙar fata.

Yadda aka yi fim ɗin shi ne sirrinsa. Ƙaramar kyamara Rouch ya riƙe, ba na'urar ɗaukar murya a tare, ya bi samarin cikin mako guda na rayuwarsu: neman aiki, daren Asabar, ranar Lahadi, da safiyar Litinin mai ɗaci. Bayan an harhaɗa hotunan sai aka zaunar da Umaru gaban majigi, yana kallo yana magana. Muryarsa ce ke jan fim ɗin, wani wuri ba'a, wani wuri mafarki, wani wuri ƙorafi. Ana ganinsa yana mafarkin lashe kambun dambe, ana ganin wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya ya ƙwace masa budurwa sun ba hammata iska, ana jin an ɗaure abokinsa Eddie Constantine saboda rigima da ɗan sanda. A ƙarshe, a bakin ruwa, yana kwatanta wa wani yaro yadda ake yaƙi a Indochine, yana faɗuwa ƙasa yana tashi, yana jifa da gurnetin da babu shi.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958 a Faransa. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin mai sharhin fina-finai ne, ya yaba masa matuƙa, kuma masana tarihin sinima na lissafa shi cikin ayyukan da suka share fage ga sabon salon fim da ya ɓullo a Faransa a ƙarshen shekarun 1950. Yabon dai Rouch ya kwashe shi. Kalmomin na Umaru ne, rayuwar tasa ce, amma kyamara da almakashin tacewa suna hannun wani. Wannan ne ƙorafin da Usman Sembene na Senegal ya fito da shi fili a 1965, lokacin da ya zargi Rouch da masu irin aikinsa da kallon 'yan Afirka tamkar ƙwarin da ake nazari.

Waƙa a bakin mai ita

Umaru ya koma Yamai, Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta, 1960. Ya shiga ƙungiyar masu sha'awar sinima da ke cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi aikin daga tushe a matsayin mataimaki. A wannan zagayen ne Mustafa Alasan ya fitar da Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga ƙetare da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokai, suka hau dawakai suka addabi ƙauye. Ke nan masu shirya fim na farko a Nijar sun san tasirin fina-finan ƙetare ciki da bai, domin su ma 'yan kallo ne kafin su zama masu shiryawa.

Amsar Umaru ita ce Cabascabo, fim na kimanin minti 45, wanda ya rubuta, ya shirya, ya kuma fito a matsayin jaruminsa tare da Zalika Sule. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indochine da 'yan kuɗinsa, abokai da 'yan mata da maroƙa suka yi masa caa, kuɗi suka ƙare kowa ya watse, ya rasa aikin da ya dace da shi, daga ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi karkara. Abin da ya ba da labarinsa cikin 'yan mintuna a fim ɗin Rouch, yanzu shi ne ya zaɓi inda za a dasa kyamara da inda za a yanke. An nuna fim ɗin a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, ya kuma samu kyauta a bikin Mosko a shekarar.

Daga nan ya juya kyamarar cikin gida. Le Wazzou polygame na 1970 ya taɓo wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya yi amfani da dukiya da girma ya auri yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, auren ya ƙare da zubar da jini. Shi ne fim na farko da ya lashe babbar kyautar FESPACO, Dokin Yennenga, a 1972. Saïtane, wato Shaiɗan, ya fallasa malamin tsibbu mai fakewa da addini yana dillancin alfasha. L'Exilé na 1980 kuwa tatsuniya ya ɗauko ya gina a kan nauyin alkawari, a zamanin da sojoji ke mulkin Nijar tun juyin mulkin Seyni Kunce na 1974. Yaron da ake kira da sunan ɗan daban Amurka shi ne ya girma ya zama mai tuhumar masu kuɗi da masu rawani da masu carbi, cikin harshen Zabarmanci.

Abin da ya rage wa na baya

Labarin bai yi nisa da ƙasar Hausa ba. Kano ta samu gidan sinima na Rex tun 1937, fina-finan kaboyi da na Indiya suka raini zuriya bayan zuriya, kuma daga cikin waɗannan 'yan kallo ne aka samu waɗanda suka yi Turmin Danya a 1990, mafarin masana'antar Kannywood. A Agadas, mawaƙin jita Mdou Moctar ya fito a 2015 cikin fim ɗin Abzinanci da aka gina kan Purple Rain na mawaƙin rok Prince. Haka nan a Auyo da sauran garuruwan fadamar Haɗeja, inda madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwa, kacala ta toshe magudanai, samari da yawa kan tafi ci-rani Legas da wasu biranen kudu bayan girbi. Suna dako da acaba da ga-ruwa, wayoyinsu cike da fina-finan Indiya masu fassara, laƙabinsu na 'yan ƙwallon Turai. Tsaransu ne Umaru na 1957.

Martanin hukuma ga wannan sha'awa ya fi karkata ga tsaro da hani. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya fina-finai a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan adawar wasu malamai. Damuwar iyaye kan tarbiyya gaskiya ce, Umaru da kansa ya nuna ɓarnar birni ba tare da kwaskwarima ba. Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya fi kowa sanin haka shi ne mai ɗaure da shi. Abin da ya raba Umaru da sauran abokansa na Treichville shi ne ya samu wurin koyo, ya samu kyamara, ya samu damar faɗin abin da ya gani ko da bai yi wa manya daɗi ba. Waɗannan abubuwa uku siyasa ce ke samar da su ko ta hana su, ta hanyar kasafin kuɗi da dokoki da makarantu. Duk jihar da ta rufe su, ta zaɓa wa matasanta zama 'yan kallo har abada, wani kuma daga nesa zai zo ya ɗauki labarinsu ya karɓi kyauta da shi.