SAMUEL AJAYI CROWTHER: BAWAN DA YA ZAMA BISHOP

Yau za mu waiwayi tarihin wani ɗan ƙasar nan wanda aka taɓa musayarsa da doki, amma daga baya ya zama baƙin mutum na farko da Cocin Ingila ta naɗa Bishop. Ba girman muƙaminsa ya sa muka ɗauko labarinsa ba, sai dai yadda ya riƙe koyarwar Linjila a kan haƙuri da yafe laifi, tun yana yaro har ya tsufa.

An haifi Ajayi a wajajen shekarar 1809 a garin Osogun cikin ƙasar Oyo. A lokacin nan mulkin Oyo ya fara rushewa, yaƙe-yaƙe sun game ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka auka wa garinsu, suka sa masa wuta, suka kama shi tare da uwarsa da ƙannensa. Ba a daɗe ba aka raba su. Daga nan sai ya dinga wucewa daga hannun wannan ubangiji zuwa na wancan, yau a ba da shi a karɓi doki, gobe a karɓi taba da barasa, har aka kai shi Ikko aka sayar wa Turawan Fotugal.

Cikin watan Afrilu na 1822 aka loda su cikin jirgin ruwa za a ƙetare teku da su, sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar 'yan cinikin bayi suka tare jirgin. Yaron ya tsorata ƙwarai da waɗannan sababbin Turawa, har da ya ga harsasan igwa a tare wuri guda ya zaci kawunan 'yan'uwansa ne. Ashe ceto ne ya zo. Aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo, inda ake zaunar da 'yantattun bayi.

A can ya shiga makarantar Mishan ta C.M.S., ya koyi karatu da sassaƙa. Ran 11 ga watan Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na London, watau Samuel Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, shi ne ɗalibinta na farko. Matar da ya aura, Asano, ita ma 'yantacciyar baiwa ce.

A 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku su hau kogin Kwara don neman hanyar kashe cinikin bayi. Crowther yana cikin tafiyar tare da wani Bajamushe, James Schön, wanda daga baya ya rubuta littattafan nahawu da ƙamus na Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa sama da 40, tilas aka juyo. Wannan asara ta nuna wa shugabannin Mishan cewa in dai ana son aikin ya tsaya a ƙasar nan, sai 'yan ƙasa sun ɗauke shi. Saboda haka aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limamin coci a 1843.

A 1846 ya isa Abeokuta tare da Henry Townsend. A nan ne Allah ya sada shi da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25, alhali kowannensu ya riga ya fid da rai da ganin ɗan'uwansa. Mutumin da aka ƙone masa gari aka watsa masa dangi, ga shi ya komo da ilmi da daraja da kunnen Turawa, da ya ga dama da ya nemi ramuwa. Bai yi ba. Linjila ta koyar da mabiyanta su ƙaunaci maƙiyansu, su yi wa masu tsananta musu addu'a, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin aikin kullum, ba karatun ranar Lahadi kaɗai ba. Sai ya duƙufa wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, da buɗe makarantu, da ƙarfafa noman auduga, don mutane su sami abin sayarwa wanda ba ɗan Adam ba.

Ya sake bin kogi a 1854 tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai, wannan karon ba wanda ya mutu domin suna shan kwinin. A 1857 ya kafa Mishan a Anaca, sa'an nan jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya farfashe. Zaman jiran da ya yi a ƙasar Nufe bai tafi a banza ba, ya nazarci Nufanci har ya wallafa littafin koyon karatunsa a 1860. Ran 29 ga watan Yuni 1864 aka naɗa shi Bishop a babbar majami'ar Canterbury, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa.

Abin lura a nan shi ne zamansa da Musulmi. Cikin maharan da suka kama shi akwai Musulmi, jirgin da aka loda shi kuwa na Kirista ne, amma bai ɗora wa wani addini laifin masu laifi ba. Tun yana Saliyo ya gane gardama mai zafi ba ta jawo kowa, sai dai ta ƙara nisa. Don haka in ya shiga fadar sarki yakan gaisa da ladabi, in an tambaye shi ya amsa daga littafinsa ba tare da zagin na wani ba. Da haka ya sami amincewar Etsu Masaba na Bida. Etsu Maliki kuma shi ya rubuta wa takarda, yana neman ya kai kukansa Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Sarki Musulmi bai ga wanda zai amince wa da wannan saƙo ba sai Bishop.

Jarrabawa mafi zafi ba daga waje ta zo masa ba, daga cikin gida ta fito. Wajen ƙarshen rayuwarsa wasu samarin Turawan Mishan suka zo Kwara da ra'ayin cewa baƙin mutum bai isa shugabanci ba. Gaskiya ne akwai ma'aikatansa da suka yi abin kunya, kuma an zarge shi da sanyin hannu wajen horo, domin shi mai son a ba mai laifi damar tuba ne. Amma a taron da aka yi a Anaca cikin watan Agusta 1890, waɗannan samari, sa'o'in jikokinsa, suka dakatar da limaman da shi ya naɗa a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon bai ɗaga murya ba, bai kuma fice daga cocin ba. Ya sauka daga kujerar kwamitin, ya ci gaba da aikinsa. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga watan Disamba 1891.

Bayansa sai aka mai da kujerar hannun Bature, aka yi fiye da shekara 50 kafin wani baƙin mutum ya sake riƙe irinta a ƙasar nan. Amma gaskiya ba ta ɓuya. Jikansa Herbert Macaulay ya zama jagoran masu neman 'yancin Nijeriya. A 1976 aka tashi ƙasusuwansa daga maƙabartar Ajele aka mai da su harabar babbar majami'ar Marina a Ikko. A 2014 kuma, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Akbishop na Canterbury Justin Welby ya amsa a bainar jama'a cewa an zalunce shi.

Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Crowther bai sha romon duka da ransa ba, kuma wannan shi ne nauyin darasin. Wanda ya yafe don yana jiran a yaba masa gobe, ciniki ya yi. Shi kuwa ya yafe wa waɗanda suka sayar da shi yana yaro, ya haƙure wa waɗanda suka wulaƙanta shi yana tsoho, ba tare da ya ga sakamako a duniya ba. Ma'aikacin da aka danne a ofis, da maƙwabcin da ke zaune da wanda ba addininsu ɗaya ba, kowa yana da abin ɗauka a nan. Allah ya ba mu haƙurin zama da juna, amin.